Malam Ayuba da Baburin Ƙanƙara

Duk wanda ya zo Alƙahira daga Arewa neman magani a waɗancan shekaru, da wuya a ce bai san Malam Ayuba ba. Dogo ne, siriri, mutumin Funtuwa, kullum cikin jallabiya ruwan toka da hular saƙa. Shi ne zai tarye ka a filin jirgi, ya nemo maka gidan haya a unguwar Abbasiya, ya kai ka wurin likita ya juya maka magana daga Larabci zuwa Hausa, ya kuma bi maka layin awo kana zaune kana hutawa.

Ba wannan ya kawo shi Masar ba. Karatun addini ya zo yi yana ɗan shekara ashirin da huɗu, gwamnatin jiharsu ce ta ɗauki nauyinsa. Karatun ya yi masa gardama. Ya faɗi jarrabawa sau ɗaya, ya maimaita, ya sake faɗi, a na uku aka janye tallafin. Kunyar komawa gida hannu rabbana ta hana shi tafiya, ya ce bari ya ɗan zauna ya gyara. Zaman da ya kai shekara goma sha tara ke nan. A Funtuwa kowa ya ɗauka koyarwa yake yi a wata babbar makaranta. Bai taɓa faɗa musu haka da bakinsa ba, amma kuma bai taɓa gyara musu zancen ba.

Ya auri Mahasin, Bahaushiyar Sudan wadda kakanninta suka tsaya a can kan hanyarsu ta zuwa Makka. Lalle take yi wa amare. Suna da 'ya ɗaya, Amna, suna zaune a unguwar Faisal, hawa na shida, a wani dogon gida da ba shi da na'urar hawa sai ƙafa.

A ƙarshen shekarar 2013 wani ɗan kasuwa daga Kano, Alhaji Badamasi, ya zo aikin ƙoda. Ya taho da ɗansa Zubairu wai ya yi jinyarsa. Zubairu bai wuce ashirin da shida ba, kuma jinyar da ya yi ba ta wuce leƙowa da safe ya ce, “Baba, ya jiki?” ba. Daga nan sai ya fice wurin abokinsa Mahir, wani ɗan Kano da ke karatun haɗa magunguna a wata jami'ar kuɗi. Malam Ayuba ne ke zama da Alhaji, shi ke kama shi zuwa bayi. Samarin biyu “Ustaz” suke kiransa, amma da irin muryar da kowa ya ji ya san ba girmamawa ba ce.

A tsakiyar Disamba aka yi wani sanyi da tsofaffin Misirawa suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Dusar ƙanƙara ta zuba har a bayan garin Alƙahira. A duwatsun Sina kuwa, wajen garin Sant Katrin, hotuna suka nuna ko'ina ya yi fari fat. Zubairu na ganin hotunan ya ce lallai sai ya je. Matsalar ita ce hanyar cike take da shingayen sojoji, Larabcin Mahir kuma bai wuce na sayen shawarma ba.

“Ustaz, kai za ka raka mu,” in ji Zubairu.

Malam Ayuba ya ce ai Alhaji bai gama warwarewa ba, ba zai yiwu a bar shi shi kaɗai ba.

Alhaji Badamasi ya ɗaga hannu daga kan gado. “Je ka, Malam. Kwana biyu ne. Ka kular min da yaron nan, ka san halinsa.”

Gaskiyar magana, zuciyar Malam Ayuba ta so tafiyar. A can ne dutsen da ake cewa Annabi Musa ya gana da Ubangijinsa. Shekara goma sha tara yana ƙasar, bai taɓa samun halin zuwa ba.

Mahasin ce ba ta so ba. “Ya Abu Amna, yaran nan ba su ganin girmanka. Na ji yadda suke maka magana a waya.”

“Ma'alish, ba komai, yara ne. Ziyara zan yi in dawo.”

Ta ba shi safa biyu ya haɗa, ta kuma naɗa masa mayafinta na ulu a wuya.

Sun tashi bayan sallar Asuba a wata ƙaramar bas da Zubairu ya yi shata. A kowane shinge Malam Ayuba ne ke sauka cikin iska mai yankan fuska, da fasfo uku a hannu, yana bayani yana murmushi, su kuwa suna ciki an kunna musu na'urar ɗumama mota. Sai bayan La'asar suka isa. Da Malam Ayuba ya sauko sai ya ga duwatsu jajaye sun yi rawani fari. Ya durƙusa ya ɗebi ƙanƙarar a tafin hannu. Ya zaci za ta yi tauri irin ta firji, sai ya ji ta da laushi kamar garin tuwo. Ya faki idon samarin ya ɗan lasa.

Masaukin da suka sauka na wani Badawi ne, Balaraben sahara, dattijo mai ƙarancin magana. Malam Ayuba ya tambaye shi ina dutsen Annabi Musa. Mutumin ya nuna bayan wani tsauni ya ce daga nan ba a hango shi, amma in hanya ta buɗe gobe da rana zai kai shi gindinsa.

Da safe Zubairu ya gano abin da ya fi dutse a wurinsa. A bayan masaukin akwai babura uku masu ƙafa huɗu, masu faffaɗan tayoyi, irin waɗanda baƙi ke haya suna zagaya kwaruruka da su. Nan take ya ce a fito da su.

Badawin ya tsaya yana bayani, Malam Ayuba yana fassarawa. Totur ba a murɗa shi kamar na baburan gida, wani ɗan ƙarfe ne a ƙarƙashin hannun dama, da babban yatsa ake danna shi. Birki kuma shi ne ƙarfen da ake matsewa a hannun hagu. A gangara kada a taɓa totur, domin ƙarƙashin farin nan akwai duwatsu da santsi. Malam Ayuba ya faɗa musu duka a Hausa tsaf, har ya maimaita. Da ya gama ya juya zai koma gindin wuta.

“Ina za ka, Ustaz? Ga naka nan.”

“Ni? A'a, Alhaji ƙarami. Ni ko keke rabona da shi tun ina Funtuwa.”

“To yau ka hau. In wani abu ya faru a can wa zai yi mana magana da mutumin nan? Ba cewa Baba ya yi ka kula da ni ba?”

Badawin ya fahimci abin da ake ciki, ya ce shehin, wato Malam Ayuba, ya hau bayansa, ya fi sauƙi. Malam Ayuba ya fassara wannan ma, yana fatan a yarda. Zubairu ya girgiza kai. Ya ce babura uku ya ɗauka, uku za su fita: Badawi a ɗaya, shi da Mahir a ɗaya, Ustaz shi kaɗai a ɗaya. Mahir ya riga ya fito da wayarsa yana ɗauka.

Hular kwano biyu ce kawai a wurin, samarin suka saka. Malam Ayuba ya tattare jallabiyarsa ya cusa a wando, ya yi bisimilla, ya haye. Da injin ya tashi sai ya ji kamar ya zauna a bayan wata dabba mai huci. Ya taɓa ɗan ƙarfen da yatsa, babur ya zabura, ya saki da sauri, babur ya tsaya cak har ƙirjinsa ya bugi kan babur ɗin. Samarin suka fashe da dariya. Ya sake gwadawa, a hankali wannan karon. Babur ya fara tafiya.

Abin da ba wanda ya zata, har shi kansa, shi ne abin ya karɓe shi. Suka shiga wani kwari mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, Badawin na gaba yana buɗe hanya, shi kuma yana bin sawun tayoyinsa. Rana ta fito, ƙanƙara tana walƙiya har sai an runtse ido. Ya gane in ya karkata jiki babur ya fi bin abin da yake so. Ya ƙara danna yatsa kaɗan. Iska ta cika masa jallabiya, hawaye na zubo masa saboda sanyi, sai ya ji yana dariya shi kaɗai, yana tasbihi da ƙarfi. Tun da ya zo ƙasar nan kullum a bayan wani yake tafiya, riƙe da jakar wani ko takardun wani. Yau abu ne mai ƙarfi a ƙarƙashinsa, kuma inda ya juya shi nan yake bi. Sun yi kusan rabin awa a haka.

Wannan bai yi wa Zubairu daɗi ba. Abin dariya ya fito nema, ga shi Ustaz yana tuƙi lafiya lau. Da suka hau wani tudu za su gangara ɗaya ɓangaren, Badawin ya yi musu alama su jira, ya wuce gaba ya sha kwana don ya duba ko hanyar za ta biyu. Yana ɓacewa Zubairu ya matso ta baya, ya sa gaban baburinsa ya tunkuɗi na Malam Ayuba.

Babur ya fara silalewa ƙasa. Da farko a hankali, sannan ya ɗauki gudu. Duk bayanin da Malam Ayuba ya fassara da bakinsa ɗazu ya bi iska. Hannayensa suka ƙanƙame ƙarfe, idonsa na kan duwatsun da ke ƙasa.

“Ina birkin?” ya yi ihu. “Jama'a ina birkin?”

Zubairu na biye da shi a gefe, Mahir na bayansa da waya a ɗage.

“Na babban yatsa, Ustaz! Danna na babban yatsa! Danna sosai!”

Mutumin da ya shekara goma sha tara yana yin abin da aka ce ya yi, ya danna. Babur ya yi kururuwa ya yi tsalle gaba. Tayar dama ta daki wani dutse da ƙanƙara ta rufe, babur ya tashi sama ya juya, ya sauko a kan ƙafar Malam Ayuba ta hagu. Ya ji ƙarar karyewar kafin ya ji zafin.

Jallabiyar ta kife masa a ka, hularsa ta yi nata wuri. Ta cikin yadin yana jin dariyarsu. Mahir har yana tari.

“Wallahi na ɗauka! Tun daga sama na ɗauka!”

“Tashi mana, Ustaz,” in ji Zubairu. “Khalas, shi ke nan, an gama fim.”

“Ƙafata,” in ji Malam Ayuba. “Don Allah ku ɗaga min. Ƙafata.”

Suka ɗan taɓa baburin, suka ce ya yi nauyi, bari su kira Badawin. Suka hau nasu suka tafi. Ba su bi ta inda mutumin ya bi ba. Daga baya an ga hotunan da suka tsaya suka ɗauka a kan wani tsauni, sun rungumi juna, sun ɗaga yatsu biyu.

Malam Ayuba ya daɗe a kwance. Mai yana ɗiga daga tankin babur yana jiƙa masa wando. Sanyi ya shiga bayansa, ya kai har ya daina jin yatsun ƙafarsa. Ya yi kira da Hausa, ya yi da Larabci, ba abin da ya amsa. Ya fara karanta abin da ya sauwaƙa, haƙoransa na haɗuwa, ayoyin na kakkarye masa a baki. Badawin ne ya dawo neman su, ya ga sawun taya ya kauce, ya biyo. Shi kaɗai ya sa kafaɗa ya ture baburin. Da samarin suka iso ya zazzaga musu masifa da Larabcin duwatsu, amma mai fassarar yana kwance a ƙasa, don haka ba su ji ko kalma ɗaya ba.

A ƙaramin asibitin garin aka ɗaure ƙafar da katako, aka ce cinya ta karye, gwiwa ta tarwatse, sai Alƙahira. Aka shimfiɗe shi a kujerar baya ta bas. Tafiyar awa bakwai, kowane rami sai ya ji shi a ƙwaƙwalwarsa. A gaba kuwa samarin na ta maimaita hoton, yana jin muryarsa tana fitowa daga waya tana tambayar birki. Dutsen da ya zo gani ko hango shi bai yi ba.

Da suka kusa shiga Alƙahira Zubairu ya juyo, fuskarsa ba wasa.

“Ustaz, in Baba ya tambaya, kai ka ce sai ka hau. Mun hana ka ka ƙi. Ka gane? Ka san ciwonsa ba ya son ɓacin rai.”

Alhaji Badamasi ya zo dubiya washegari, ana tura shi a keken marasa lafiya. Bai ko bari an matso da shi gefen gadon ba.

“Haba Malam! Na ba ka amanar yaro, sai ka je kana wasan yara? Da gemunka? Da shi ne ya karye me za ka ce min?”

Zubairu na tsaye a bakin ƙofa yana latsa waya. Malam Ayuba ya dube shi, ya dubi Alhaji.

“Kuskure ne, ranka ya daɗe. A yi haƙuri.”

Alhaji ya ɗauki nauyin aikin da aka yi wa ƙafar, ya kuma tabbatar duk wanda ya zo gaishe shi ya ji cewa ya yi hakan saboda Allah. Bayan mako guda suka koma Kano. Zubairu bai zo sallama ba.

Ranar da aka sallame shi, a kan kujerar roba maƙwabta huɗu suka ɗauke shi zuwa hawa na shida, suna hutawa a kowane hawa. Wata huɗu bai sauko ba. A nan ya gaya wa Mahasin yadda abin ya faru. Tana cikin kwaɓa lalle ta ajiye kwanon.

“Kuma ka ce wa uban kai ka yi kuskure? Ya Abu Amna, ba ka da baki ne?”

“In na faɗa wa zai yarda? Kuma wa zai sake ba ni baƙo in aka ji na kai ƙarar ɗan Alhaji?”

Ta ce ita za ta kira Kano ta faɗa. Ya rantse in ta kira bai yafe ba. Ba ta kira ba, amma ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba sai abin da ya zama dole.

Hoton kuwa ya riga ya yi ƙafa. Daga wayar Mahir ya shiga ɗakunan ɗalibai a Abbasiya, daga nan ya haye Kano da Kaduna. Wani ya sa masa kiɗa. Ana jin muryar Zubairu sarai yana cewa a danna na babban yatsa, kuma wurin ne mutane suka fi yi wa dariya. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya sami mutumin da ke ƙarƙashin babur. Wata ranar Juma'a yayansa Abdurrahim ya kira daga Funtuwa. Ko gaisuwar kirki bai bari sun yi ba.

“Ayuba, ashe karatun da kake yi ke nan? An ce ma ba koyarwa kake ba, jakar masu kuɗi kake ɗauka. Yara na ta nuna min a waya a ƙofar masallaci. Ka kyauta.”

Ya kashe wayar kafin a ba shi amsa. Bai tambayi ƙafar ba.

Da Malam Ayuba ya fara fita, ƙafar hagu ta gajarce, sai da sanda. Yawancin baƙinsa wasu ɗalibai masu ƙafa biyu sun kwashe. Sunansa ma ya canza, ya koma Malam Birki, har waɗanda ba su san asalin sunan ba haka suke kiransa. Wata rana a filin jirgi ya tari wata Hajiya da 'ya'yanta mata biyu. Ƙaramar ta ƙura masa ido, ta daki kafaɗar yayarta.

“Wallahi shi ne! Malam, don Allah faɗi yadda ka faɗa. Sau ɗaya kawai.”

Ya dubi Hajiya ko za ta tsawatar. Ita ma murmushi take, tana jira. Wata biyu ke nan bai samu baƙo ba. Ya gyara tsayuwa a kan sandarsa, ya buɗe baki a tsakiyar jama'a ya ce, “Jama'a ina birkin?” Suka yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar ya zama cikin aikinsa. Wasu ma don wannan suke nemansa.

A bazarar 2015 aka haɗa shi da wani tsoho manomi daga wani ƙauye a bayan Gumel, Baba Abakar, wanda 'ya'yansa suka yi karo-karo suka turo shi aikin ido. Bai taɓa zuwa ko Kano ba sai a wannan tafiyar. Yana riƙe da gefen rigar Malam Ayuba duk inda suka shiga, yana ta sa masa albarka. Suka ɗauki jirgin ƙarƙashin ƙasa daga Abbasiya suka sauka a Ataba. A wurin fita akwai matakala ta ƙafa, akwai kuma mai tafiya da kanta. Tsohon ya ja ya tsaya yana kallon ƙarfen da ke fitowa daga ƙasa yana hawa sama, da ɗan ganin da ya rage masa.

“Ɗana, wannan fa? Ba wata hanya?”

Matakalar ƙafa na nan a gefensu, taku biyar. Malam Ayuba ya dube ta. Sannan ya zare rigarsa daga hannun tsohon.

“Babu, Baba. Taka kawai. Ka rufe ido ka taka da ƙarfi.”

Tsohon ya yi bisimilla ya taka. Ƙafa ɗaya ta tafi, ɗaya ta tsaya. Ya yi baya, ya yi gaba, ya kife da baki a kan ƙarfen, matakala na jan sa sama babbar rigarsa na naɗewa, yana kiran sunan Allah. Wata mata ta yi ihu, wani saurayi ya ruga ya danna maɓallin tsayarwa. Mutane suka taru suka ɗaga shi, leɓensa ya fashe, jini na bin farin gemunsa.

Malam Ayuba na jingine da bango yana dariya. Dariya yake ta gaske, har sandarsa ta faɗi, har hawaye. Misirawan da ke wurin suka bi shi da kallo. Da aka kawo masa tsohon, Baba Abakar ya lalubo hannunsa ya riƙe.

“Yi haƙuri, ɗana. Na ba ka kunya a cikin mutane. Ƙauyanci ne.”

Da yamma ya hau benensa da ƙyar, yana hutawa. Mahasin na zuba abinci ya fara ba ta labarin, yana kwaikwayon yadda tsohon ya yi da hannuwa, dariyar na sake taso masa. Ta tsaya da cokali a hannu tana kallonsa har ya gama. Ta tambaye shi shekarun tsohon. Ya ce zai yi saba'in da biyar.

Ta ajiye masa kwanonsa a gabansa. Ta ɗauki nata, ta kama hannun Amna, suka shiga kicin suka ci a can.